Malfar Ɗana da Tutar Lakwal

Ɗana na biyu bai cika shekara ba muka lura rana ba ta yi da shi. In na goya shi zuwa kasuwar Konni, kafin mu dawo fuska ta yi jajur, ta kumbura, daga baya baƙaƙen ɗige-ɗige su fito. Mun sha yawon magani, har Allah Ya haɗa mu da wata likitar fata a Yamai.

Ita ta zaunar da ni. Ta ce a cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai DNA, na ce na tuna daga kwaleji. Ta ce hasken rana yana yi masa lahani kullum, ga kowa, amma Ubangiji Ya sa wani furotin da ke bi yana gano inda ya ɓaci a gyara. Na ɗana ne ba ya aiki. Duk ƙunar da ya sha tana nan ajiye, kuma ita ke zama cutar kansa.

Da ya shiga lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, inda babansa ke tuƙin motar siminti, na haɗa shi da malfa mai faɗi da riga mai dogon hannu. Takardar likita kuwa da hannuna na kai buro, ofishin shugaban lakwal.

Wata Litinin ya dawo, kunnuwa da wuya sun tashi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ashe sabon malami ne ya cire masa malfa wurin ɗaga tuta, wai ba a gai da tuta da abu a kai. Da ya kai hannu zai mayar, aka sa shi durƙuso a fili har aka fita shan iska.

Ban jira babansa ba, na zari hijabi, na kama hannun yaron muka koma lakwal wajen malamin.

"Mushe, ka karanta takardarsa?"

"Haba Hajiya, baƙin mutum da tsoron rana? Mu nan a gonar gero muka girma. Ku kuke sangarta shi."

"Tutar ce ta ce maka a gasa mini ɗa?"

Ya yi dariya. Wallahi dariyar nan ta fi komai ci mini rai. Mutum ya yi karatu, yana koya wa ƴaƴan mutane ilimi, amma layi huɗu na likita sun gagare shi! Na janyo yaron, na juya masa kunnen, na ce ya duba da kyau. Sai ya kau da kai.

Darakta, shugaban lakwal, ya ba ni haƙuri, ya ce daga yau yaron ya zauna cikin aji lokacin tuta. An yi hakan. Amma bayan watanni wani ƙurji ya fito a kunnen hagu ya ƙi warkewa, sai da likita ta yanke ƙurjin. Ta ce ba za ta iya ɗora laifin a kan rana guda ba. Na yarda da ita. Ina roƙon Allah Ya sanyaya mini zuciya, don har yau in malamin ya gaishe ni a hanya, da ƙyar nake amsawa.