Ranar da Na Tsaga Gonar Inna

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da mallakar 'yar ƙaramar tarakta ba, na shiga neman ƙarfen da ake ɗaura mata a baya don gyaran hanya. Faffaɗan ƙarfe ne mai ɗan lanƙwasa, bakinsa yana kankare ƙasa yana tura ta gefe. Mu dai 'yar gireda muke ce masa. Ƙauyenmu yana yankin Kara ne a ƙasar Gwarzo, kuma duk damina sai ruwa ya kwaso yashi ya jibge mana a hanya, har mota ta kasa shigowa. Na ce tunda Allah Ya hore tarakta, bari in hutar da mutane aikin shebur.

Na ɗauki abokina, wani mutumin Kabo da ya riga ni shiga harkar tarakta, muka tafi Kano. Guda biyu muka tarar a wurin mai sayarwa. Ɗaya ƙatuwa ce, ƙirar masu walda, a kafe take ba ta motsi. Ɗayar 'yar gwanjo ce daga ƙasar Turawa, ba ta kai waccan faɗi ba, fentinta duk ya koɗe. Amma in ka zare wata ƙusa a samanta sai ta karkata dama ko hagu, har ma ta juya baya gaba ɗaya. Mai shagon ya ce a can dusar ƙanƙara suke turewa da ita daga ƙofar gida. Na ce to ta zo inda ko a firij ƙanƙara wuyar samu take yi.

Ni mutum ne mai son babban abu. Ko kankana zan saya, sai na zaɓi wadda zan yi nishi kafin in ɗaga. Don haka na dafa ƙatuwar na ce ita za a ɗora mana.

Abokina ya ce, “Kai dai ba ka canjawa. In ka rataya wa 'yar taraktarka wannan, gabanta zai ɗaga sama kamar bunsuru zai yi karo. Abin dubawa ɗaya ne, in an karkata ta, ta rufe sawun tayoyinka. Ƙaramar nan ta rufe, kuma tana juyawa.”

Muka gwada da igiya, maganarsa ta fito. Na ɗauki ƙaramar ina ta ƙunƙuni har muka iso Gwarzo.

Hanyar da ke shiga garinmu gangara ce, ta ratsa tsakanin makabarta da wata gona. Mahaifina ya rasu kafin wannan daminar, kuma kabarinsa yana sahun ƙarshe, daf da shingen ƙaya da ya raba makabartar da hanya. Gonar da ke ɗaya gefen ta mahaifiyata ce, ita ce tumunin takabarta, wato rabonta na gadon mahaifina. A shekarar gyaɗa ta sa aka shuka mata, ta yi kyau har ta rufe ƙasa.

Da marka ta kankama, aka yi kwana da kwanaki ana ruwa. Wata rana bayan sallar azahar sai ga baffana, ƙanin mahaifina, a ƙofar gida. Baffa mutum ne da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi lafiyar kajinka, amma ranar daga sallama sai ya ce, “Tayar da motar nan taka. Ruwa ya doshi yayana.”

Na je na gani da idona. Yashi ya toshe gindin gangarar inda ruwa ya saba wucewa, sai ruwan ya karkata ya fara cin gefen makabarta. Ya yi rami mai zurfi, ya cinye shingen ƙayar a wurin, kuma abin da ya rage tsakaninsa da kabarin mahaifina bai fi tsawon tabarma ba. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Duk wanda ke wurin ya san in aka sake ruwa irin na jiya, to sai dai wani ikon Allah.

Mutanen gari suka kama cike ramin da buhunan yashi. Na kira abokina, ya taho daga Kabo a kan babur. Shawarar da aka yanke ita ce in yanka wa ruwan kwata a gefen hanya, ta wajen shingen makabarta, ta miƙe har fadama. Baffa ya kafa sharaɗi ɗaya.

“Taya ba za ta taka mamaci ba. Ka tsaya a kan hanya, ni zan bi ka a baya ina kallo.”

Muka karkata 'yar giredar, muka sunkuyar da gefenta ɗaya don ya nutse. Na saka ƙaramar giya na fara tafiya. Wanda bai taɓa aiki da ita ba zai ɗauka tuƙi ne kawai, alhali rabin jikinka a waiwaye yake, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan libar da ke ɗaga ƙarfen. In ka sauke da yawa tarakta ta cije, in ka ɗaga da yawa ka shafi iska. Na yi zuwan farko ƙasa ta kwanta gefe lafiya lau. Na dawo na ƙara zurfi. Har na fara jin kaina, ina satar kallon mutane ko suna ganin gwaninta.

A zuwa na gaba ne na ji wani ƙaras a baya. Na san ƙarar dutse, na san ta saiwa, wannan ba ko ɗaya ba ce. Na waiwaya na ga Baffa ya ɗaga hannu. Na taka birki na kashe inji.

Yana tsugune a bakin kwatar, yana share ƙasa da yatsunsa. Gefen tukunya ne ya bayyana, ƙarfen ya ɓantare mata baki. Kusa da ita ga wata a jere. A wajenmu da fasassun tukwane ake rufe ramin ciki na kabari kafin a mayar da ƙasa, don haka babu wanda ya buƙaci bayani. Tsohon kabari ne, a wajen shinge, a inda muka ɗauka hanya ce. Ashe makabartar ta dā ta fi shingen faɗi, hanya ce ta yi ta cin ta a hankali har aka manta.

Aka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Allah Ya rufa asiri, bakin tukunyar kawai ƙarfen ya taɓa, babu abin da ya buɗe.

Wani daga cikin masu shebur ya ce a ɗan gusa kaɗan a ci gaba, tunda hadari ba zai jira mu ba. Baffa bai ko ɗago ba.

“Inda aka sami ɗaya, akwai 'yan'uwansa. Don mu tsare namu sai mu tone na wani? Shi ma uban wani ne.”

Matsalar kuwa ta ninku, domin kwatar da na yanka rabi yanzu ita za ta kwaso ruwan ta kai shi kan tsohon kabarin, daga nan ya faɗa ramin da ke gefen mahaifina. Gaba kura, baya siyaki. Iska ta fara kaɗawa da sanyin nan da ke zuwa gab da ruwa.

Abokina ya matso ya ce a hankali, “Hanya ɗaya ta rage. A fasa kunyar gonar can, ruwa ya bi ta ciki ya sauka fadama.”

Kowa ya juya ya kalli gyaɗar, sannan aka kalle ni. Baffa ya ce, “Ba ni da iko da gonar nan, kai ma ba ka da shi. Kira ta.”

Na kira ta a waya. Na ce, “Inna, ruwa zai ci wurin Baba in ba a ba shi hanya ba. Hanyar kuma sai ta cikin gyaɗarki.”

Sai ta ce, “Shi ne ka tsaya kira? Tsaga.” Ta kashe.

Dole sai an fara mayar da ƙasar da na yanka. A nan juyawar ƙarfen ta yi mana rana, domin in ka juya shi baya ba ya yanka, turawa kawai yake yi. Sai dai ƙusar ta cije da laka ta ƙi fita. Abokina ya samo dutse ya yi ta bugu, ni ina jijjiga ƙarfen. Da ƙyar ta zare. Na riƙa turo ƙasar a hankali, tayoyina a tsakiyar hanya, har kwatar ta cike. Kan tukwanen kuwa Baffa bai yarda ƙarfe ya kusanta ba, da hannunsa ya rufe su.

Muna sake juya ƙarfen aka fara yayyafi. Na fasa kunyar gonar na shiga. Ƙasa ta jiƙe, tayoyi suna santsi, in na nutsar da ƙarfen sai tarakta ta tsaya tana haƙa a wuri ɗaya. Dole na riƙa yanka kaɗan-kaɗan, ina komawa ina dawowa, ga ruwa yana ƙara ƙarfi yana shiga mini ido. Duk waiwayen da na yi sai in ga gyaɗa kore shar tana kifewa, 'ya'yanta farare da ba su nuna ba suna fitowa sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban tsaya ba.

Ina fitowa ta bakin fadama na ji ana cewa ga shi nan. Ruwa ne ja wur ya gangaro daga saman hanya. Na bar tarakta a nan na dawo da gudu. Da ya iso inda hanyar ta rabu, sai ya taru ya yi ta juyi, wani harshe nasa ya miƙa yana lasar buhunan da ke gefen makabarta. Na ga Baffa ya taka buhu ɗaya da ƙafa yana danna shi, leɓensa yana motsi. Can sai bakin kwatar ya burma, ruwan ya juya gaba ɗaya ya faɗa gonar Inna.

Muka tsaya a cikin ruwan har ya tsagaita. Kabarin mahaifina yana nan yadda yake. Gonar kuwa, abin da ƙarfe bai ci ba yashi ya binne mafi yawansa.

Da na koma gida na durƙusa gabanta na fara lissafa ɓarnar, ina cewa wataƙila a tsira da gefen gabas. Ba ta bari na gama ba.

“Shi fa?”

Na ce ruwa bai kai gare shi ba.

Ta ce, “Alhamdu lillahi. Tashi ka cire jiƙaƙƙun kayan nan.” Ta juya ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai magariba.

Bayan nan an faɗaɗa shingen ya haɗe tsofaffin kaburburan, kwatar kuma ta zauna a cikin gonar. Duk farkon damina ni nake zuwa in share ta, kuma har yau in ƙarfen ya taɓa wani abu mai tauri sai gabana ya faɗi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a garinmu mata ba sa shiga makabarta. Inna ba ta taɓa ganin kabarin nan ba, ba ta san ko ta wane gefe yake kallon hanya ba. Ta ba da noman shekararta a kan wurin da sai dai a ba ta labari, kuma har yau ba ta taɓa tambayata buhu nawa gyaɗar za ta yi ba.