Lauwali Mai Gora

Kafin a fara ce masa Mai Gora, gidan kallo Lauwali yake da shi a Tungar Mero, wani ƙauyen masunta a bakin gulbi cikin ƙasar Bagudo, wanda da ƙafa ma ana zuwa iyakar Benin daga can. Da shari'a ta zo aka rufe irin waɗannan gidaje, bai yi gardama da kowa ba. Ya sayar da talabijin ɗin, ya kafa rumfa a gindin tsamiyar kasuwa yana gyaran rediyo da tocila. Da wayar hannu ta shigo sai ya koma gyaranta, ba tare da wani ya koya masa ba.

Wahalar ƙauyen ita ce sabis. Ƙarfen sabis ɗin Najeriya yana can nesa, na Benin kuwa ga shi a kusa, sai waya ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Mutum zai tura hoton kifin da ya kyafe wa dillali a Bagudo, saƙon ya yi ta juyi har ya gaji ya haƙura. Lauwali ne ya sayo wani ɗan akwatin ƙara ƙarfin sabis a kasuwar Dole Kaina, ya ɗaure eriya a kan doguwar gora, ya jawo waya zuwa rumfarsa. Ya yi ta juya gorar har ya dace. A ƙarƙashin rumfar nan kaɗai waya ke tsayawa a kan layin gida, saƙo ya tafi.

Daga nan rayuwarsa ta sauya. Masunta, Fulanin rugage, matan da mazansu suka tafi ci-rani, har mai gari, kowa sai ya zo ya zauna a bencinsa. Bai taɓa sa wa kowa farashi ba. Abin da yake so shi ne a ce, "Mai Gora, taimaka," ya miƙe a hankali, ya kama gorar, ya ɗan murɗa ta, a ji wayoyi sun fara ƙara. Shekaru ya yi a haka, har ya yi ƙiba.

Matarsa Kubura tana da ƙane, Muzammilu, wanda ya yi karatun fasaha a Birnin Kebbi ya samu aiki da kamfanin da ke kula da ƙarafan sabis. Lokacin da aka kafa ƙarfe a bayan makarantar firamaren ƙauyen, hankalin Lauwali ya tashi, amma bai daɗe ba ya kwanta, don ƙarfen bai tsinana kome ba. Waya za ta nuna sabis ya cika, saƙo kuma ya ƙi tafiya. Mutane suka dawo benci. Lauwali ya riƙa nuna ƙarfen da haɓa yana cewa, "Ku dibi dogon banza."

Sai aka turo Muzammilu. Ya sauka gidan yayarsa, ya durƙusa ya gaida Lauwali, suka ci tuwon shinkafa tare.

"Yaya Lauwali, na gano ciwon abin nan," in ji shi. "Eriyoyin sama suka kallo. Suna watsa sabis har cikin Benin, mutanen can masu layinmu suna ja, na nan suna ja, kowa ya rasa. In anka sunkuyar da su kaɗan, anka raba musu fuska, kowace ta ji da unguwarta, anka kuma canza farantin da ke kai saƙo Bagudo, za ka ga aiki."

"Haka sunka koya muku?" Lauwali ya ce yana suɗe hannu. "To, Allah shi taimaka."

Washegari da hantsi rabin gari ya taru yana kallon Muzammilu a saman ƙarfe, ɗaure da igiya a ƙugu. Lauwali bai je ba. Ya zauna a rumfa yana kwance wata waya da ba abin da ya same ta. Kafin la'asar ya ji guɗa daga cikin gari: wata tsohuwa ce ta ga fuskar ɗanta da ke Legas yana magana, tana zaune a tsakar gidanta.

Bencin ya fara bushewa. Ba wanda ya yi masa rashin kunya, ana dai wucewa a ɗaga masa hannu, ido na kan waya. Wanda ya fi ci masa rai shi ne gida. Kubura ba ta iya zuba masa ruwan alwala ba ta sako sunan ƙanenta ba.

"Malam, ka ji mai gari ya aika wa Muzammilu da rago?"

"Na ji."

"Sun ce har Kende anka kira shi ya gyara nasu."

"Kubura, ni na tambaye ki?"

Ya lura da kansa yana neman aibin yaron ko'ina: yadda yake rataye katin aiki a wuya, yadda yake dariya da dukan haƙora. A masallaci idan liman ya yi wa masu taimakon al'umma addu'a, sai ya kasa cewa amin. Ya san sunan abin da ke damunsa, ya kuma san hukuncinsa, yana istigfari, amma zafin bai sauka ba.

Wata rana Ɗanliti, wani masunci, ya zo da wayarsa yana ƙorafi cewa tun da aka taɓa ƙarfen, da ya shiga tsakiyar gulbi sabis yake ɗaukewa. Injin jirginsa ya mutu ranar Talata, ya rasa yadda zai kira kowa, ruwa ya ja shi har kusan wata tungar. Lauwali ya ji wani sanyin daɗi ya ratsa shi. Ya ajiye sukundireba.

"Ba wayarka ba ce. Sun sunkuyar da eriya don 'yan cikin gari, ku na ruwa an yar da ku."

Ya bi masunta jirgi jirgi yana faɗar haka, har ya tara su suka tafi ƙofar mai gari, shi ne a gaba da babbar riga. Aka kira Muzammilu. Lauwali ya shirya wa musu, ya tanadi amsar kowace magana. Muzammilu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Gaskiya Yaya ya faɗa. Ban auna ta cikin ruwa ba, kuskurena ne. Zan nemi a ƙara eriya guda ta fuskanci gulbi. Na gode, Yaya, da ka tuna mini."

Ba a yi wata ba aka ɗaura ta. Masunta suka kawo wa Muzammilu giwan ruwa guda, aka yi ta yabon sauƙin kansa. Ba wanda ya tuna wa ya fara maganar. Da Muzammilu ya zo da tayin cewa kamfani na neman mai lura da ƙarfen da baturansa, kuma sunan Yaya ya bayar, Lauwali ya ce bayansa na ciwo. Aka ba Namadi tela.

Ya ci gaba da gyaran waya, kuma aikin ya ma ƙaru, tunda yanzu kowa na da ita. Ya sake rufin ɗakinsa da kwano, ya aurar da 'yarsa ta fari. Amma in ana hirar sabis a rumfa sai ya sunkuyar da kai kan aikinsa.

Bayan damina biyu matar Muzammilu ta haifi namiji. Ranar suna, bayan sallar asuba, liman ya ɗaga murya ya ce an raɗa wa yaro Lauwali. Mutane suka juyo suna masa barka. Ya ji kunya ta rufe shi, ga kuma wani haushi a ƙarƙashinta, na cewa ko a nan ma Muzammilu ya fi shi. Da rana Kubura ta miƙo masa jaririn. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, ya tofa masa addu'a, ya zaro sabuwar hular da ya saya don bikin ya ɗora a kan zanen goyon.

"Ya yi kama da wa?" Kubura ta tambaya.

"Da uwarsa," in ji Lauwali.