An Jira Kwamfuta, Ba a Jira Yaya Ba

Yayata marubuciya ce, amma in ka shiga gidanta kana neman teburin rubutu, wahala kawai za ka sha. Ofishinta saman ƙaramin firij ne, a kusurwar kicin, tsakanin buhun albasa da kwandon shara. Nan take ɗora tsohuwar kwamfutarta ta yi rubutu a tsaye. Da safe tana koyarwa a firamare, da yamma ga yara ga wanki ga mijinta, wanda nake kira Yallaɓai saboda ba ya ɗaukar ko kofin da ya sha ruwa. Lokacin da ya rage mata shi ne tsakanin ɗora tukunya da sauke ta.

Ta saba har abin ya zame mata tsari. Tana yanka albasa tana tsara magana a baki, da ta zuba a mai sai ta goge hannu ta buga. Miya sakin layi guda take ba ta. Wake kuwa, da yake ba ya saurin nuna, har shafi biyu take samu, shi ya sa yaranta suka ci wake a shekarar nan har suka fara harararsa. A haka ta rubuta littafi sukutum, saura ƙarshen babin ƙarshe.

Kwamfutar tana da wata ɗabi'a. Kullum sai ta turo saƙo wai tana so ta sabunta kanta, kullum Yaya ta danna "daga baya" da yatsan da bai taɓa mai ba. Ta san halin kayarta: in ta fara, sai ta ga dama take gamawa.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Edita ya ce ƙarfe huɗu zai miƙa aiki maɗaba'a, in nata bai iso ba, sai baɗi. A ranar kuma Yallaɓai ya ga ya dace ya gayyato abokan aikinsa cin abincin rana. Na je da hantsi don in kama mata wanke-wanke. Ta ɗora miya, ta zuba shinkafa a ruwa, ta buɗe kwamfuta, sai ga shuɗin allo da ɗige-ɗige suna zagaye, an rubuta a jira, kada a kashe.

"Baban yara," ta kira shi, muryarta a sanyaye, "ka taɓa min kwamfuta?"

Ya leƙo yana murmushi. "Da safe na duba sakamakon ƙwallo. Na ga tana ta roƙon a sabunta ta, na ce bari in taimaka miki."

Raina ya ɓaci, amma abin da ya biyo baya ne ya ƙona min zuciya. Mutumin nan ya karanta saƙon allon, nan take ya zama likita. Ya ɗauke kwamfutar a hankali ya kai falo, wai zafin kicin zai cutar da ita. Ya jona mata caja, ya juyo mata da fanka. Ya kori yara waje kada su girgiza tebur. Baƙi suka iso, ya sa suka zauna nesa da wayar cajar. Ɗayansu ya ce ai irin wannan ba a yi mata gaggawa, duk suka gyaɗa kai. Maza huɗu manya, sun zuba wa ɗige-ɗige ido cikin ladabi.

Yaya tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Na ga leɓenta yana motsi, na gane maimaita ƙarshen labarin take yi kada ya gudu. A kicin ɗin nan ba a taɓa juyo mata da fanka ba. Sau nawa na ji ta ce "ku ba ni minti biyar," aka amsa mata da "ina safata?"

Miya ta nuna ta sauke. Ta ƙi kunna wutar shinkafa sai da uku ta wuce, da yunwa ta fara sa baƙi hamma. Ruwan ya fara tafasa ke nan, Yallaɓai ya yi shela daga falo cewa kwamfutar ta dawo.

Yaya ta sa hannu ta kashe gas. Ta wuce falo, ta ja kujera a gaban baƙi, ta zauna. Ban taɓa ganin ta yi rubutu a zaune ba sai ranar.

Na raɗa mata, "Yaya, kawo in ƙarasa shinkafar."

"Kada ki taɓa min tukunya."

Yallaɓai ya yi gyaran murya. "Maman yara, abincin fa? Mutane na jira."

Ba ta ɗago ba. "Kun jira ta tun hantsi, ba wanda ya mutu. Ku jira ni."

Suka jira, amma ba irin jiran farko ba. Wannan da tsaki ne da duba agogo, ɗaya ma ya tuna yana da uzuri. Ta gama, ta tura kafin huɗu, ta tashi ta kunna gas. Shinkafar da ta jiƙa a ruwan ɗumi ta fito a caɓe, suka ci a haka.

Littafin ya fito. Amma har yau in zancen ya taso a dangi, cewa ake yi ranar da ta kunyata mijinta da caɓaɓɓiyar shinkafa. Ba wanda ke tuna yatsan da ya danna.

Makon jiya na je gidan na tambayi kwafin da aka aiko mata. Muka duba saman firij, babu. A falo na same shi, ƙarƙashin kwamfutar. Yallaɓai ne ya tokare ta da shi, wai don ta sha iska.