Zanen kakanninsa da tsagar fuskata

A lokacin gasar cin kofin duniya na ga wani Bature a jirgin ƙasan Doha sanye da zanen 'yan Sikotilan mai layi-layi. Nan take tsohon da na yi wa direba shekara huɗu ya faɗo mini a rai.

Injiniya ne Ba'amurke, bai taɓa taka Sikotilan ba, kakan kakansa ne ya baro ta. Amma duk shekara sai ya ware rana ya ɗaura irin wannan zane, kore da shuɗi, mai warin tsohon akwatin da yake ajiye shi a ciki.

A shekarar korona na kai masa cefane gidansa a unguwar Al-Sadd, na tarar ya ɗaura shi, shi kaɗai a falo, yana ta gumi. Dariya ta ƙwace mini.

"Baba, a wannan zafin? Wa zai gani?"

"Kowane gida da irin layinsa," in ji shi. "Wannan namu ne." Sai ya nuna takunkumina. "Kai ko a mota kai kaɗai ba ka cire wannan. Me kake ɓoyewa?"

Ya gano ni. Tsagar Gobirawa nake ɓoyewa, don na gaji da kallo da tambaya. Na ja baya, na sauke takunkumin. Ya daɗe yana dubana.

"Nawa asu na iya cinyewa," ya ce. "Naka ba mai raba ka da shi."

Cutar ta ɗauke shi kafin a buɗe hanyar tafiya Sikotilan da ya daɗe yana shiryawa. Allah Ya sanyaya zuciyar iyalinsa, Ya sa a cikin jikokinsa a samu mai buɗe akwatin nan.