Saveria Mai Kai Kwali Arewa

Shekara shida takardar digirin Saveria Lamanna na rataye a bangon falo, ba ta tsinana mata komai ba. Sau tara tana zama jarrabawar neman aikin gwamnati, ta ƙarshen ma mutum dubu huɗu ne a kan gurbi goma sha biyu. 'Yan siyasa kuwa sai zaɓe ya matso suke hawowa ƙauyensu da ke kan tudu a Calabria, kudancin Italiya, su sha kofi, su yi alkawarin masana'anta, su gangara abinsu. Sa'o'inta duk sun watse, wasu Milano, wasu Torino.

Tana cika talatin da ɗaya kawunta ya bugo waya daga Jamus. Akwai aikin wanke-wanke a gidan abincinsa, amma in Satumba ta ƙare zai ba wani. Mahaifiyarta, wadda ba ta da kowa sai ita, ta ce, "Ki tafi mana, ni jaririya ce?" Saveria ba ta son tafiyar nan ko kaɗan.

To a garin nan babu uwar da ba ta aika wa ɗanta kwali arewacin ƙasar: man zaitun, cuku, barkono, kwalaben tumatirin da ta dafa da hannunta, kai ka ce ba a sayar da abinci a Milano. Saveria ta ga sana'a a nan, ta ari motar mai gidan burodi, ta loda kwali ashirin da uku, ta yi wuni guda tana tuƙi, ta raba, ta dawo. Ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba.

A bakin coci tsofaffin da suka ba ta kwalayen suke jiranta. Goggo Filomena ce ta fara tare ta.

"Ɗana Gaetano ya rame?"

"Ban gan shi ba, Goggo. Maƙwabcinsa na bar wa."

"Maƙwabci? To me ya kai ki? In don wannan ne ai gidan waya ma suna yi. Boko dai bai yi miki rana ba, 'yar nan."

Mako na gaba kwali uku kacal ta samu, ga Satumba ta yi rabi. Ta yi kuka, ta yi fushi, daga baya ta yarda cewa tsohuwar ce da gaskiya.

Ta tafi da ukun nan. Kowane gida ta je sai ta hau bene, ta zauna, ta ƙare wa mutum kallo, ta buɗe masa firiji ba kunya ba tsoro. Da ta dawo, tun ba ta kashe mota ba ta leƙo ta taga.

"Goggo Nunzia, 'yarki ta yi ƙiba, kuma wani saurayi mai tabarau ne ya buɗe min ƙofa. Goggo Carmela, naki tari yake yi, firijinsa babu komai sai rabin lemon tsami."

Kafin ka ce kwabo bakin cocin ya watse, kowace ta nufi gida neman kwali da igiya. Ranar talatin ga wata motar har rinjaya take don kaya. Saveria ta kira kawunta ta ce ya ba wani aikin.

Yau motocinta uku, ƙauyuka bakwai take ɗauka, kuma duk direbanta sai ya iya gane rama da ido. Na farkon da ta ɗauka aiki shi ne Saro, wanda ya yi shekara takwas a Torino yana ɗaukar kaya a sito. Ranar da ya dawo ƙauye da akwatunansa, mahaifiyarsa ta shigo shagon Saveria tana faɗa.

"Kin cuce ni, yarinya. Yanzu wa zan ɗaure wa kwali?"

Tana faɗa hawaye na zuba. Sai ta kama fuskar Saveria da hannu biyu, ta sumbaci kumatunta, ta fita da sauri don ta bar miya a wuta kuma mutum biyu ne za su ci.