Na Kai Ɗan Sarkin Ruwa Ganin Teku

LARABA: MADINA ZUWA BADAR

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, muna idar da salla a masallacin unguwarmu ta Aƙiƙ, na tada mota. Mu biyu ne, ni da Malam Manu. Ni Bakatsine ne, mai haɗa magani a wani asibiti a Madina, lokacin shekarata bakwai a garin, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Shi kuwa Manu Bakabe ne, direban tankar ruwa, irin wadda a nan ake kira wayit, shekararsa goma sha tara a Madina. Kun dai san wasan da ke tsakanin Bakatsine da Bakabe. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma bawana nake ce masa, shi ma haka yake ce mini, kuma duk Madina ba ni da abokin da ya kai shi.

Hutun kwana uku na samu bayan an gama hidimar alhazai, na ce bakin teku za ni in sha iska. Manu ya ce shi ma za shi, amma ba iska za shi sha ba. Mahaifinsa, Sarkin Ruwan wani ƙauye a bakin gulbin Kabi, ya rasu cikin azumi. Wani alhajin garinsu ya kawo masa kaset, ƙanin mahaifin nasa, Baffa Ɗanjumma, yana cewa dattawa sun ce ya dawo ya riƙi sarautar. Motar alhajin za ta tashi zuwa Jidda ranar Asabar da safe, kuma da amsa zai tafi. Manu kuwa burinsa ɗaya a duniya, ya mutu a Madina a sa shi a Baƙi'a, inda matarsa take kwance shekara huɗu. Ya ce mini, "Likita, kai ni in ga ruwa. Ban iya shawara bisa tudu." Ni dai ba zan ɓoye muku ba, so nake ya zauna.

A shingen bayan gari soja ya leƙo, ya karɓi iƙamarmu, wato katin zaman ƙasa, da takardar izinin tafiya, wadda a wancan zamani sai uban gidanka ya buga mata hatimi kafin ka bar gari. Ya ce ina zuwa? Na ce Yanbu. Ya ce aiki? Manu ya ce da Larabcinsa na direbobi, "Kallo." Sojan ya yi dariya ya miƙo mana takardu.

Ƙarfe bakwai saura muka tsaya a Musaijid muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi, da shayi mai na'ana'a, duka riyal shida. Daga nan hanya ta gangara cikin Wadi Safra. Kai, ikon Allah! Duwatsu baƙaƙe ƙirin a dama da hagu, sai ka ɗauka ko ciyawa ba za ta rayu ba, kana shan kwana sai ga gonar dabino kore shar da ɗan masallaci fari a gefe. Na yi ta sa Manu ya duba, shi kuwa ya sake cusa kaset ɗin. Muryar Baffa na rawa tana cewa, "Manu, idona ya tafi, ƙafa ta tafi. Yara na faɗa bisa guraben kamun kifi, ba mai raba su." Na ce, "Bawana, wannan kaset sai ya tsinke a motata?" Ya ce, "Tuƙa dai, Bakatsine. Mi ka sani ga ruwa ban da na buta?"

Mun shiga Badar ƙarfe takwas da rabi, kilomita wajen ɗari da hamsin daga Madina. Ƙaramin gari ne mai natsuwa, ga tudun yashi ja a bayansa. Muka tsaya a bakin katangar maƙabartar shahidai muka yi sallama da addu'a, muka yi nafila a Masallacin Arish. Filin da muka sha ji a bakin malamai tun muna yara, ga shi a gabana, bai fi filin Idin garinmu da wani abin kirki ba. Tsigar jikina ta tashi.

BADAR ZUWA YANBU

Kilomita casa'in ne, hanya miƙaƙƙiya. Wajen ƙarfe goma da rabi Manu ya sauke gilashi ya shaƙi iska, ya ce, "Ga shi nan." Ni ban ga komai ba. Sai da muka ƙara minti goma sannan wani shuɗin layi ya bayyana a hagu, yana walƙiya. Muka wuce Yanbu ta masana'antu, da matatun mai da bututaye da wuta tana ci a saman dogon ƙarfe da rana tsaka, tituna kuwa tsaf-tsaf, an jera furanni kamar ba cikin hamada ba.

A tsohon gari, Yanbu'ul Bahar, muka kama ɗaki da kicin a riyal ɗari da ashirin kwana ɗaya. Bayan La'asar muka zaga tsofaffin gidajen bakin tasha, masu hawa uku, an gina su da dutsen teku, tagoginsu na katako an sassaƙa su kamar aikin hula. Da yawa sun tsufa, wasu sun rufta, amma ko a hakan ka san an yi arziki a wurin. Daga nan sai kasuwar kifi. Tirƙashi! Kifi ja mai ɗigon shuɗi, kifi kore mai baki irin na aku, wani kamar an shafa masa lalle. Manu ya bi su ɗai-ɗai yana buɗe kunnuwansu da yatsa, ya kasa kiran sunan ko guda. Muka sayi wanda suke kira najil, aka soya mana, muka ci da jar shinkafar sayadiyya. Na ce, "To, ina giwan ruwanku?" Ya suɗe yatsa ya ce, "Ya yi ƙoƙari." A bakin Bakabe wannan babban yabo ne.

ALHAMIS: SHARM

Ƙarfe shida muka nufi Sharm, wani lungu da teku ta kutso cikin ƙasa, tafiyar minti ashirin arewa da gari. Jama'a, gani ya kori ji. Ruwa garai-garai, a bakin gaɓa fari, gaba kaɗan kore, can ciki shuɗi, ga Dutsen Radwa a bayanmu rana tana fitowa ta kansa. Ni da ko rafin damina nake zagaye wa, sai ga ni na naɗe wando na shiga har idon sawu, ƙananan kifaye suna sunsunar yatsuna.

Can muka hangi wani dattijo Balarabe, ruwa iya gwiwa, yana jefa birgi, ragar nan ta jifa mai dalma a baki. Manu ya tsaya cak. Da dattijon ya fito muka yi sallama, ya ce sunansa Ammu Awwad. Manu ya durƙusa kamar yadda ake yi a garinsu, ya ce shi ɗan masunta ne, kuma a wurinsu ba a sa raga a ruwa sai an nemi izinin mai ruwan. Dattijon ya yi dariya har da tari, ya ce ruwa na Allah ne, ya miƙa masa birgin.

Yadda Manu ya tattara ragar nan, ya ɗora rabi a kafaɗa, ya ciji bakinta da haƙori, na san yau ba direban wayit nake kallo ba. Ya shiga ruwa a hankali ba ƙara. Can gabansa akwai wani wuri da ruwan ya yi duhu. Ammu Awwad ya ɗaga hannu yana kira, "Ya hajji! La, la!" wato a'a, a'a. Ina! Manu ya riga ya juya ƙugu ya saki. Birgin ya buɗe a sama kamar faifai, ya sauka ba ko lanƙwasa. Wallahi ban san sanda na yi kabbara ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai ya ja igiya, ta ƙi zuwa. Ya ƙara ja, muka ji ƙyaaat. Ashe a gulbi, inda ruwa ya yi duhu nan ne zurfi, nan kifi yake kwanciya. A tekun nan kuwa duhun duwatsun murjani ne masu kaifi kamar aska. Da ƙyar su biyu suka ɓanɓaro ragar, ta yage wuri uku, ɗaya har mutum ya iya zura kai. Manu ya fito ƙafa na jini, amma ba ƙafar ta dame shi ba. Kunya ce kamar ƙasa ta tsage ya shige. Na wanke masa ciwon na ɗaure, zolaya ta zo mini har baki na haɗiye. A zuciyata kuwa, Allah Ya yafe mini, murna nake. Na ce shi ke nan, ruwa ya kore shi, ya zauna mana.

Manu ya ce ba inda za shi sai ya gyara. Ammu Awwad ya kai mu rumfarsa, ya ɗauko zare da allurar saƙa ta katako. Suka zauna gwiwa da gwiwa tun hantsi har Azahar, ni ina hura gawayin shayi ina kallon jiragen dakon mai suna wucewa can nesa. Dattijon ya duba ƙullin Manu, ya ja da ƙarfi, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Hannunka ya iya. Ruwan ne ba ka sani ba." Na ce ai mu ma muna cewa baƙo ko da ido makaho ne, Manu ya fassara masa.

Ammu Awwad ya nuna teku da allurar, ya shiga kiran sunaye. Kowane dutse a ƙarƙashin ruwan nan da sunansa, da watan da kifi ke zuwa masa, da iskar da ba a kusantarsa. Daga kakansa ya ji. 'Ya'yansa huɗu duk suna matatar mai, alhamdu lillahi, albashi mai kyau, amma ko ɗaya bai san sunan dutse uku ba. Ya ce, "Ran da na mutu, tekun nan ta koma ruwa kawai." Sannan ya tambayi Manu, "Naku ruwan fa, wa ya san shi?" Manu ya ci gaba da saƙa.

Da za mu tafi dattijon ya cika mana leda da kifin da ya kama da safe, ya rantse ba zai karɓi ko halala ba, wato kwabonsu.

JUMA'A: YANBU'UN NAKHLI, DA KOMAWA

Mun bar masauki ƙarfe tara muka yi gabas kilomita hamsin zuwa Yanbu'un Nakhli, ƙauyukan dabino a cikin kwari. Wasu idanun ruwan sun ƙafe, amma mun sami ɗaya yana gudu ta tsohuwar magudanar dutse, sanyi ƙalau. Bayan sallar Juma'a wani manomi ya ja mu gonarsa ya ba mu gahawa da dabino, ya ƙara mana da ƙullin lalle wai tsarabar iyali. Mutanen kirki ƙwarai. Ƙarfe biyu muka kamo hanyar gida.

Mun wuce Badar sai na ji Manu yana magana ƙasa-ƙasa yana lanƙwasa yatsu. "Gurbin Kada, na gidan Maidamma, ba a shiga sai bayan girbi. Mai Tsamiya, na mutanen ƙetare. Bakin Dutsi. Uwar Yara..." Guraben gulbinsu yake lissafawa, wuraren da ruwa ke zurfi, da gidan da ke da hakkin kowanne. Ya kai goma sha biyar ya tsaya. Ya sake daga farko, ya sake tsayawa a nan.

Ya ce, "Likita, sha bakwai ne. Biyu sun ɓace mini."

Na ce, "To sai me? Za su faɗo maka."

"Tun jiya nike nema. Babu. Baba ya tafi da nashi. In Baffa ya bi shi, wa za ni tambaya?"

Na rage gudu. Na ce, "Manu, Madina fa. Mutane na sayar da gona don su kwana takwas a nan. Kai shekara goma sha tara kana jira, sai yanzu? Hajiyarka da ke Baƙi'a fa?" Har da hadisin falalar mutuwa a Madina na jawo masa, ni da ba malami ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Duk na sani. Amma ni kwanciyata nike nema, su ko can da rai suke fasa kan juna. In Allah Ya rubuta ƙasata ta nan ce, ko daga cikin gulbi sai Ya maido ni." Raina ya ɓaci, kuma na san gaskiya ya faɗa.

Ƙarfe biyar da rabi muka shigo Madina, hasumiyoyin Harami suna haske a cikin rana mai sanyi. Manu ya ce kada in kai shi gida, in ajiye shi Baƙi'a. An riga an rufe ƙofa, sai ya ɗingisa ya tsaya a jikin tagar katanga ta gefen da aka sa matarsa. A can ba a rubuta suna a kabari, gefen kawai ya sani. Na ja baya na ba shi wuri. Ya daɗe, sannan ya dawo yana share fuska da bakin rawani.

Ya ce, "Gobe in ba alhaji amsa. Saura kai, bawana. Ran Juma'a in ka fito salla, ka biyo ta nan ka yi mata sallama. Ka ce Manu na bakin gulbi, bai manta ba."

Na nemi abin zolaya na rasa. Na ce to.

Na isa gida ana kiran Magariba, na tarar da iyali lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, Ya saka wa Ammu Awwad da manomin nan da ban ko tambayi sunansa ba. Manu ya bar Madina bayan wata biyu, ni na kai shi filin jirgi. Sallamar nan kuwa, duk Juma'ar da nake gari ban taɓa fashinta ba.