Ɗumamen da ya kusa ja mini magana wajen surukata

Ina ajiye wa maigidan ɗumamen shinkafa da rana tsaka sai ga sallamar mahaifiyarsa, daga Doguwa, babu ko waya.

Ta dubi kwanon, ta dube ni. Ko ruwa ba ta sha ba.

"Mutum ya noma shinkafa da hannunsa, a gidansa kuma a tare shi da kwanannen abinci? Icen ne ya ƙare, ko ke ce kika gaji?"

Na durƙusa na ce, "Inna, likita ce ta sa. Ƙiba ta yi masa yawa, gwiwoyinsa sun fara gazawa, sallah ma a zaune yake yi. Ta ce in shinkafa ta kwana a firij, wani ɓangare na sitacinta jiki ba ya narkar da shi, ko an ɗumama. Zai iya taimakawa, in ya rage ci yana kuma tafiya."

Shi dai gogan bai ɗago kai ba, loma kawai yake kaiwa.

Inna ta dubi siraran hannayenta.

"Shekara arba'in ina ba babansu sabon girki, ni in ci na jiya a gindin murhu. Ashe magani nake sha. Ni na ɗauka haƙuri nake yi."

Sai ta jawo tabarma ta ce in zubo mata mai zafi, nata maganin ya isa haka.

Ku a gidanku, wa ake bar wa ɗumame?